Laifin Wa, Na Fis Ko Namu?

Jama'a, ga hunturu ya sake zagayowa. Wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ba ya bukatar a gaya masa yadda sanyin dutsen nan ya ke shiga ƙashi. Maganata ta shafi abin da mu ke yi da wutar lantarki a ɗakunan kwana in sanyin ya matsa.

Bara, mu huɗu a ɗaki, soket ɗaya. Wani dare muka jona hita da butar lantarki da dutsen guga a doguwar waya guda, sai fis ya ƙone. Ɗaya daga cikinmu, wanda mu ke yi wa laƙabi da Injiniya, ya buɗe fulogi ya cusa guntun ƙusa a madadin fis ɗin. Wuta ta dawo, muka tafa masa. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba. Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji ƙauri. Da muka ɗaga katifa, ashe robar wayar ta narke kamar kaki, har ta soma cin zanen gado. Allah ne ya kiyaye.

To, ga abin da ba mu lura da shi ba. Kowace waya ta kan yi ɗumi in wuta tana bi ta cikinta, gama jan ƙarfen da ke ciki yana ɗan tauye tafiyarta. Wani Bature na Ingila, James Joule, ya auna wannan tun wajen 1840, ya tarar in an riɓa wutar sau biyu, zafin ya kan riɓanya sau huɗu. In sau uku, sau tara. Fis na ampiya 13 yana ɗaukar wat 3,000 ko kusa da haka. Mu kuwa mun ɗora masa wajen 5,000, watau ampiya 22. Ku yi lissafin da kanku, za ku ga zafin ya kusa ninki uku na abin da aka yarda. Sa'an nan jan ƙarfe in ya yi zafi, tauyewar ta kan ƙaru da wajen kashi 4 cikin 100 a kowane digiri 10. Robar da aka saba naɗe waya da ita kuwa digiri 70 aka yanka mata. Mu kuma muka danne ta da katifa, zafin ya rasa hanyar fita.

Fis siririn ƙarfe ne da aka sa shi da gangan domin ya riga waya ƙonewa. Aikinsa ya yi, muka sallame shi.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, lantarki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya yi amfani da ruwan Kurra ya ba masu haƙar kuza wuta. Yau kusan shekara ɗari ke nan, ga ɗaliban malanta suna tafa wa ƙusa.

Na san akwai dokar hana hita a ɗakuna, ban kuwa raina ta ba. Amma a ganina ita ce ta sa mu ke ɓoye waya ƙarƙashin katifa, inda ta fi haɗari. Mai jin sanyi ba ya karanta sanarwa. Ina roƙon shugabanninmu abu biyu. A sa soket masu waya mai kauri a ɗakin taro, inda za a yi guga a dafa ruwa a fili. A kuma ba kowane sabon ɗalibi awa ɗaya cikin zangon farko, ko da Hausa ko tarihi ya zo karanta, a nuna masa fis, a sa siririyar waya ta yi ja a gabansa, ya ji ƙaurin da hancinsa. Gobe mu ne za a tura makarantun kwana a ba mu amanar yara, su kuwa sun fi mu jin sanyi.