SHARHI: Ƙaryar Arziki Da Ƙangin Bashi A Birnin Bauchi

Duk wanda ya san birnin Bauchi ya san cewa kasuwanninsa da albashi suke numfashi. Da zarar an biya ma'aikata, sai a ga Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal da Babbar Kasuwa sun cika maƙil, mahauta sun ƙara yanka, masu Keke Napep ba sa rasa fasinja. Bayan kwana goma kuwa sai ciniki ya ja baya, 'yan kasuwa su koma jiran wani ƙarshen watan. Haka lamarin yake tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a watan Fabrairun 1976, domin gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, sannan ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji da sauran ma'aikatun tarayya.

Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne, albashin da dukan gari ke jira ba ya isowa hannun mai shi a cike. Kafin saƙon banki ya shigo wayarsa, bankin ya cire nasa, ƙungiyar gama kai ta ofis ta cire nata, kamfanin ba da lamuni ya cire nasa, abin da ya rage kuma mai kanti da mai shinkafa da tela suna jiransa a bakin ƙofa. Magidanci ya yi wa gwamnati aikin kwana 30, amma abin da zai kai gida bai fi na kwana 10 ba. Daga nan sai a sake cin wani bashin domin a kai ƙarshen wata.

Wajibi ne tun farko a rarrabe tsakanin bashi iri biyu, domin haɗa su wuri guda zalunci ne. Akwai bashin yunwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce N1,000 a ƙarshen 2024. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa kimanin N460 kafin Yunin 2023 ta haura N1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000 a watan Yulin 2024, amma tsada ta riga ta yi gaba. Masinjan da ya ci bashin masara ko na maganin ɗansa a irin wannan hali, babu mai hankalin da zai zarge shi da almubazzaranci.

Sai kuma bashi na biyu, wato bashin a gani a yaba, wanda shi ne abin takaicin. Wannan ba na masu ƙaramin ƙarfi ba ne kawai. Ya fi kama masu matsakaicin albashi, waɗanda suka fi ƙarfin a tausaya musu amma ba su kai su yi abin da suke kwaikwayo ba. Malamin makaranta yana son bikin 'yarsa ya yi daidai da na 'yar kwamishina. Matashin da ya fara aiki bara yana riƙe da wayar da ta fi albashinsa na wata shida. Mota ta bashi, kujerun falo na bashi, ragon layya na bashi, har ɗinkin Sallar yara ma sai an rubuta shi a littafin tela.

Babu inda wannan ciwo ya fi bayyana kamar a sha'anin aure. Shari'a ta ajiye mafi ƙarancin sadaki a kan rubu'in dinari, kuma a mafi yawan aurarraki sadakin shi ne abu mafi sauƙi a cikin dukan ɗawainiyar. Abin da ke karya ango shi ne lefe: saitin akwatuna, atamfofi da lesuka da shadda, takalma da jakunkuna, sarƙar gwal, wani lokaci har da sabuwar waya. Abin da ke karya uban amarya kuwa kayan ɗaki ne da gara: gado da katifa da kujeru da labule da firij da tarin kwanukan da amarya ba za ta taɓa dafa abinci a rabinsu ba. Dangin ango su zo su ƙirga kayan ɗaki, dangin amarya su baje lefe a tsakar gida a ƙirga turame, kowane ɓangare yana auna mutuncin ɗan'uwansa da yawan kaya. A da, kamu da wunin biki da buɗar kai sun isa. Yau an ƙaro dina a babban ɗakin taro, da ranar ƙauyawa, da ɗaukar hotuna kafin biki, kowace rana da tufafinta da mai kwalliyarta. Ƙawayen amarya ma ba su tsira ba, domin anko ya zama haraji: mace guda tana iya fitar da anko uku a wata, kuma rashin yi ana ɗaukarsa tamkar yanke zumunci. Ga kuma liƙi, wanda sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar N50,000, amma da wuya a yi biki a tashi ba a taka Naira da ƙafa ba.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Ango ya shiga ɗaki da bashin shekara biyu a wuyansa, wata uku da tarewa a fara rigimar cefane. Uban da ke da 'ya'ya mata huɗu ya sayar da filin da ya tanada, ko ya jinginar da kuɗin sallamarsa tun bai yi ritaya ba. Samari da dama kuma sun haƙura da auren gaba ɗaya har sai abin da hali ya yi, 'yan mata na zaune a gida, sannan a koma ana kukan lalacewar tarbiyya.

Masu dogon tunani za su ce wannan ba sabon abu ba ne, kuma suna da gaskiya. Lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta amince da rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, ta biya ma'aikata ƙarin albashi haɗe da bashin watannin baya a farkon 1975, an yi rububin sayen babura da rediyo da agogo da ƙarin aure a duk faɗin ƙasar nan, farashi kuma ya tashi da kimanin kashi 34 cikin 100 a wannan shekarar. Da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya zo a 1986, yawancin masu wannan facaka sun gane kurensu. Sai dai akwai bambanci babba: mutanen Udoji kuɗin da ke hannunsu suka kashe. Na yau kuwa kuɗin da ba su riga sun samu ba suke kashewa.

Dalili shi ne hanyar cin bashi ta sauya. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da aka sani a da yana da linzami. Uwar adashi ta san kowa da abin da yake samu, ba za ta yarda mai zubin ɗari ya shiga sahun masu zubin dubu ba. Mai kantin unguwa ya san iyakar abin da zai rubuta wa maƙwabcinsa. Wanda zai nemi rance wurin ɗan'uwa sai ya faɗi dalili, kuma kunyar faɗin dalilin kaɗai takan hana mutum cin bashin da bai kamata ba. Yanzu wannan linzami ya tsinke. Wakilan kamfanonin lamuni suna bin ma'aikata har teburinsu da takardar cikewa, manhajojin ba da rance a waya kuma ba sa tambayar komai sai lambar BVN. Cikin minti kaɗan kuɗi sun shigo, babu shaida, babu mai cewa a sake tunani, ko matar gida ba ta sani ba.

A nan ne lissafi ke kuɓuce wa mutane da yawa. A ɗauki misali da wanda aka ba rancen N100,000 a kan kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 a wata, zai biya cikin shekara guda. Kashi 5 ba ya tsorata kowa. To amma idan a kan ainihin N100,000 ɗin ake lissafa ruwan kowane wata, kamar yadda masu ba da irin wannan rance da yawa ke yi, ruwan zai kama N60,000, jimilla N160,000, wato N13,333 duk wata. Tun da yake mai bashin yana rage uwar kuɗin a kowane wata amma ruwan ba ya raguwa, ainihin abin da yake biya ya kai kimanin kashi 8 cikin 100 a wata, wanda ya kusa ninka kuɗin a shekara. Ba a ma sa kuɗin takarda da na inshora da tarar jinkiri ba. Bikin kwana uku ke nan, ana biyansa wata 12, kuma kafin a gama wani bikin ko sunan ya taso.

Gudu ma babu wurin yinsa. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashinsu daga duk wani asusun da mai bashin ke da shi a wani banki. Wasu manhajojin kuwa tozarci suka mayar makami: su kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, su aika wa surukansa da shugabansa a ofis saƙon cewa ɓarawo ne. Wannan ta'asa ce ta sa Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma wajabta musu yin rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan masu waya. Matakai ne masu kyau, amma tozarcin suka rage, ba su rage ƙishirwar bashin ba. Wanda ruwa ya ci kuwa ko takobi aka miƙa masa zai kama, shi ya sa masu bashi ke cikin sahun gaba wajen faɗawa tarkon masu alƙawarin ninka kuɗi, daga MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 zuwa CBEX da ta rushe a Afrilun 2025.

Akwai masu cewa kashe kuɗi shi ke motsa kasuwa, idan jama'a suka tsuke hannu tela da kafinta da mai abinci za su rasa aiki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai musun cewa bukukuwa suna ciyar da gidaje da dama a Bauchi. Amma a duba inda mafi tsoka na kuɗin ke tafiya. Atamfar daga Kantin Kwari ta Kano aka saro ta, can ma yawanci daga Sin ta zo tun bayan durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano. Shadda mai tsada daga Turai, gwal daga Dubai, waya da firij daga Asiya. Masana'antun da aka kafa wa garin a shekarun 1970, irin su kamfanin harhaɗa manyan motoci da taraktoci na Steyr, ba su sake komawa ƙarfinsu na da ba. Ke nan albashi ya shigo Bauchi ya kwana ɗaya ya wuce, bashin ne kawai ke zama ɗan gari. Rancen da aka sayi injin markaɗe ko keken ɗinki ko takin zamani da shi yana biyan kansa, yana kuma samar wa wani aiki. Wanda aka kama ɗakin dina da shi, hotuna kawai yake bari.

Ɗan kasuwar ma da ake cewa yana amfana, shi ne ke kwana a ciki daga baya. Kowane mai shago a Wunti yana da littafin bashi, kuma rabin jarinsa na iya kasancewa a hannun mutanen da albashinsu ya riga ya ƙare a banki. Banki yana cire nasa tun daga tushe. Mai shago sai ya bi gida gida yana sallama, a ce masa maigida ba ya nan.

Wa'azi kaɗai ba zai magance wannan ba, domin an daɗe ana yi. Babu uban da zai fara rage kayan ɗakin 'yarsa shi kaɗai alhali ya san za a yi da shi a dangi. Abin da mutum ɗaya ke jin kunyar yi, unguwa guda tana iya yinsa idan aka yi yarjejeniya. Majalisar Masarautar Bauchi da hakimai da masu unguwanni da limaman Juma'a da shugabannin coci suna da ikon zaunar da jama'a a tsayar da iyaka a kan yawan akwatunan lefe da kwanakin biki, muddin manya za su fara da 'ya'yansu. Dokar da aka yi wa talaka aka ɗauke wa mai hali kai, ranar da aka kafa ta take mutuwa. Ƙungiyoyin mata kuma su ne suka fi kowa iko a kan anko da baje lefe, tun da a hannunsu al'adar take.

A ɓangaren hukuma, akwai abin da ba ya bukatar kasafin kuɗi. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta ƙasa ya tanadi cewa jimillar abin da za a cire daga ladan ma'aikaci a wata guda kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Ko da a ce dokar ba ta rufe kowane rukunin ma'aikata ba, ma'auni ne da ofisoshin biyan albashi na jiha da na ƙananan hukumomi za su iya ɗauka: kada a sa hannu a kan sabuwar takardar lamuni ga wanda cire-cirensa ya riga ya kai wannan iyaka, kuma a wajabta wa duk mai ba ma'aikata rance ya rubuta jimillar abin da za a biya da Naira, da Hausa da Turanci, a shafin farko. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka sha fafutikar ƙarin albashi, ya kamata su nemi a bayyana musu nawa ne daga cikin albashin jihar ke wucewa kai tsaye zuwa ga masu ba da bashi a kowane wata, da kuma yawan ma'aikatan da ke komawa gida da ƙasa da rabin abin da aka rubuta musu.