Filin Sana'ar Hannu: Ribar Dutse Tana Cikin Ƙulli

A wannan wata za mu yi magana ne a kan abin hannu na zare da duwatsu, wato irin wanda ake ƙullawa da yatsu kawai, ba keke ba allura, ana saka duwatsun ado a tsakanin ƙulle-ƙullen.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar duwatsu ta Koforiduwa ranar Alhamis ya san cewa ba zai yi nisa a cikinta ba sai ya ji Hausa. Mutanenmu na zango suna nan sun baza duwatsu ɗauri-ɗauri, sababbi da tsofaffi. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Tun zamanin da kakanninmu ke zuwa Salaga neman goro, akwai duwatsun ado cikin kayan da ayari ke kawowa, tare da kanwa da tufafi da kayan fata. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, suka bazu zuwa wasu garuruwa, sana'ar ta bi su. To amma ga abin da ke damunmu. Mu ne masu kawo dutse, mu ne masu sayar da shi a ɗaure kamar yadda muka saro shi. Wani ya saya, ya kwance ɗaurin, ya raba shi gida biyar, ya ƙulla abin hannu biyar, ya kai shagunan kayan tsaraba na Ankara ya sayar wa baƙi. Mu mun sha wahalar hanya, shi kuwa ya kwashi ribar da ke cikin ƙulli. Alhali kuwa ƙullin nan bai fi ƙarfin 'yar shekara goma sha biyu ba, in ta sami mai nuna mata.

Sai dai kuma kada a ɗauka abu ne da za a yi sakaka. A bara, gab da ƙaramar Salla, wata yarinya a unguwarmu ta ga abin a hannun wata, ya ba ta sha'awa, ta kwashe 'yan kuɗin adashinta ta sayo duwatsu, ta shirya su a zaren ɗinki na keke da ta ninka huɗu. Ta sayar da su kakaf kafin ranar Idi. Kafin a gama yawon Salla, masu saye suka fara sallama a ƙofar gidansu, kowace da duwatsu a tafin hannu, wasu ma rabi sun zube a hanya. Uwarta ce ta mayar da kuɗin mutane. Yarinyar ba ta rasa ido ba, domin launukan da ta haɗa sun yi kyau ƙwarai. Zare ne da ƙulli suka kunyata ta. Saboda ita da ire-irenta muka ga ya kamata mu bi abin daki-daki.

Mu fara da dutsen kansa. Yawancin sababbin duwatsun da ke kasuwanninmu daga ƙasar Kurobo suke fitowa, wajen Odumase da Somanya, ana kuma samunsu a kasuwar Agomanya ranar Laraba da Asabar. Akwai kuma masu yin su a wasu ƙauyuka kusa da Kumasi. Kwalabe ake dakawa su zama gari, a zuba a cikin 'yan ramuka na mazubin yumɓu, a tsayar da tsinken ganyen rogo a tsakiyar kowane rami, sa'an nan a gasa a murhun da aka gina da ƙasar suri. Wuta ta cinye tsinken, ta bar huda. Bayan sun huce a goge su a kan dutse da yashi da ruwa. Sanin wannan yana da amfani ga mai ƙulli ta hanya biyu. Na ɗaya, hudar dutsen Kurobo tana da faɗi, zare biyu za su wuce ba wahala. Na biyu, bakin hudar yakan kasance da kaushi, wani lokaci ma da kaifi, shi ne ke cin zare a hankali har ya tsinke. Don haka kowane dutse a shafa bakinsa da yatsa tukuna. Wanda ke karce fata a goga shi a kan dutsen wasa wuƙa da ɗan ruwa, wanda ya tsage kuwa a ware shi gefe. In ana shakkar dutse ne ko roba, a auna a hannu: na kwalba ya fi nauyi, ya fi sanyi, in an ƙwanƙwasa biyu za a ji ƙara.

Sai zare. Wanda muka fi amincewa da shi shi ne na nailan mai ɗan kauri, irin wanda masu gyaran takalma ke ɗinki da shi, ko kirtanin nailan na masu saƙar koma. Ba ya ruɓewa da ruwa, ga shi kuma bakinsa yana narkewa da wuta, wanda shi ne ke kulle aiki a ƙarshe. Zaren auduga yana da laushi, amma yana shan ruwa da gumi, ga mai alwala sau biyar a rana kuwa ba zai daɗe ba zai fara wari. In mai sayarwa ya ce nailan ne, a gutsiri ɗan kaɗan a kusanta shi da ashana. Nailan zai narke ya dunƙule, auduga za ta kama wuta ta zama toka. Araha dai ba ta ado.

Sauran kayan aiki duk suna gida: almakashi, kyandir, tef ɗin awo na tela, da ɗan katako da aka kafa wa ƙusa. A auna wuyan hannun wanda za a yi wa. Na babbar mace yakan kama inci 6 zuwa 7. A yanko zare biyu, kowane tsawonsa awon hannun da ƙarin inci 12. Waɗannan biyun za mu kira su uwar zare, su ne za su bi ta cikin duwatsu. A sake yanko wani guda ɗaya mai tsawon yadi 2, shi ne zaren ƙulli. Gara ya yi saura da ya gaza, domin haɗa zare a tsakiyar aiki tabo ne da ba ya ɓoyuwa.

A haɗa uwar zare biyun, a ɗaure kansu sako-sako a jikin ƙusa. A ɗan narka ɗaya bakin don ya yi ƙarfi, a zura duk duwatsun da ake so bisa tsarin da aka zaɓa, a tura su can ƙasa, a yi ɗan ƙulli don kada su zube. A sauko inci 6 daga ƙusa, a sa tsakiyar zaren ƙulli a ƙarƙashin uwa, rabi ya faɗi hagu, rabi dama. Kafin a fara, a ƙulle bakin na hagun don ya zama alama. Za a ga amfaninta yanzu.

Ga yadda ƙullin yake. A ɗauki na hagu mai alama, a gitta shi ta saman uwa zuwa dama, a bar ɗan kunne a hagu, abin ya yi kama da lamba 4. A ɗauki na dama, a ɗora shi kan jelar na hagun, a bi da shi ta ƙarƙashin uwa, a fito da shi ta cikin kunnen nan na hagu. A ja biyun tare, da ƙarfi daidai. Wannan rabin ƙulli ke nan. Yanzu mai alama ya koma dama. A sake ɗaukarsa, a gitta ta saman uwa zuwa hagu, ɗayan ya hau jelarsa, ya bi ta ƙasa, ya fito ta kunnen dama. A ja. To, ƙulli ɗaya ya cika. Abin da za a riƙe a kai shi ne, mai alama kullum shi ke bi ta sama, ko yana hagu ko yana dama. Muddin an kiyaye wannan, saƙar za ta fito shimfiɗe kamar ɗan tsani. In kuwa aka riƙa farawa daga gefe guda kullum, za ta murɗe ta riƙa juyawa kamar igiya. Wannan ma ado ne da wasu ke so, amma sai in da niyya aka yi shi. Murɗa guda a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar saƙa kuskure ne, kuma mai saye zai gani. A warware a gyara.

Bayan an yi ƙulli 6 ko 8, a turo dutse na farko sama har ya jingina da saƙar. Zaren ƙulli su rungume shi, ɗaya ta kowane gefe, a yi cikakken ƙulli a ƙarƙashinsa, ko biyu in ana son tazara. A turo na biye, a yi haka nan. Fa'idar wannan tsari ita ce kowane dutse yana zaune a ɗakinsa, ba ya gogar ɗan'uwansa, ba ya zirga-zirga a kan zare balle ya cinye shi. Da an gama duwatsu, a rufe da adadin ƙullin da aka fara da shi, don ɓangarorin biyu su yi daidai. Tsawon saƙar duka ya gaza awon hannu da misalin inci 1, domin a bar wa makulli wuri.

Yanzu a yanke ragowar zaren ƙulli, a bar ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa a kowane gefe. A kusanta shi da gefen harshen kyandir har ya narke, a danne shi da bakin almakashi ya manne da ƙullin ƙarshe. Kada a danne da yatsa, narkakken nailan yana manne wa fata ya ƙona ta. Kada kuma wuta ta taɓa uwar zare, in ta taɓa, aiki ya tashi a banza. Wannan mataki babba ya yi wa yara, ko ya tsaya a kansu.

Saura makulli, wanda shi ke sa abin hannun ya buɗe ya rufe. A cire aikin daga ƙusa, a kwance ƙullin wucin gadi, a lanƙwasa shi ya zama zobe, jelar dama ta kwanta kan jelar hagu suna kallon saɓani. A yanko wani zare inci 12, a yi irin ƙullin nan guda 4 ko 5 a kan jelolin gaba ɗaya, ba a matse ainun ba. A yanke, a narka bakinsa a jikin kansa kawai. In ya manne da jelolin, makulli ba zai ja ba. Daga nan a buɗe abin hannun har ya iya wuce faɗin tafin hannu, a sa ƙaramin dutse a kowace jela daidai wurin, a ƙulle bayansa, a yanke, a narka. Da wannan makulli mace za ta iya sassauta shi lokacin alwala ko wanke-wanke, kuma guda ɗaya zai shiga hannaye dabam-dabam, wanda sauƙi ne babba ga mai sayarwa.

Kafin a kai kasuwa, kowane guda a gwada shi. A ja shi da ƙarfi, a buɗe a rufe sau goma, a jiƙa shi a goga a farin ƙyalle a ga ko zaren yana zuba. Wanda ya faɗi jarrabawa a gida ya fi wanda ya faɗi a hannun mai saye. Muna kuma roƙon iyaye mata su yi hattara da jarirai. Mun san al'ada ce a nan ƙasar a ɗaura wa jinjiri duwatsu a hannu, amma yaro komai bakinsa yake kaiwa, dutse ƙarami kuwa yana iya sarƙe shi. In ba makawa sai an sa, a riƙa duba zaren kullum wajen wanka, a kuma lura kada ya matse yayin da yaro ke ƙiba.

Batun kuɗi kuma, a yi lissafi da biro da takarda. A ce ɗauri yana da dutse 30, kowane abin hannu ya ci 6, guda 5 ke nan. A raba kuɗin ɗaurin gida 5, a ƙara na zare, da kason kuɗin mota, da ladan zaman da aka yi. Yawancin masu farawa wannan na ƙarshen suke mantawa, sai su wayi gari suna yi wa mutane aiki kyauta. Kuma a faɗi gaskiyar kaya. Sabon dutse a ce sabo ne. Tsofaffin duwatsun Turai da na Kurobo suna da masu nemansu da tsada, don haka wanda ke cikin adudun kaka kada a yi gaggawar sa shi a abin hannun talla, a nuna wa dattawan kasuwa da suka san darajarsa tukuna.

Kiranmu ga 'yan'uwa masu sayar da duwatsu shi ne, kowa ya ware ɗauri ɗaya ya kai gida, ya ba 'ya'yansa su gwada a lokacin hutun makaranta. Malaman Islamiyya da ƙungiyoyin mata na zango su ma za su iya ba da awa guda a mako. Masu son cin kasuwar Salla kuwa su fara tun da sauran watanni, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ita ma yarinyar nan ta unguwarmu ta koma aiki, da zaren nailan wannan karo, kuma waɗanda suka dawo mata da kaya bara su ne suka fara ba ta sabon aiki.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.