Mu Ma 'Yan Ci-Rani Ne

Shekaranjiya a Agbowo, daura da ƙofar Jami'ar Ibadan, wani yaro mai wankin takalmi ya ji ina waya da Hausa. Ina gamawa ya washe baki ya ce, "Yaya, ashe ɗan gida ne!" Ina tare da abokan karatuna biyu 'yan Kudu. Wallahi sai na ji bakina ya amsa masa da Turanci. Har yanzu abin yana cina.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawanmu masu karatu a Ibadan, Legas ko Fatakwal muna jin kunyar 'yan ci-rani, ba ma son a haɗa mu da su a kira mu "aboki". To me ya raba mu? Shi ya baro ƙauye ne saboda damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara zaman banza. Ni kuma digiri na biyu ya kawo ni. Kowa abin da babu a garinsu ya fito nema.

Ni kam ba ni da bakin raina su. Yayana da kuɗin acaɓa a Legas ya biya min rajista har na gama digirin farko. Da kuɗin nan aka yi wa ɗakin Inna rufin kwano, da shi ake sayen taki duk shekara.

Amma kada a ɗauka birni aljanna ce. Ku leƙa Sabo ko Mile 12 da daddare ku ga inda suke kwana: mutum goma ɗaki guda, wasu a barandar shago. Rikicin kasuwar Sasa na 2021 ya nuna yadda wahalar shekaru ke ƙonewa a yini ɗaya. Da aka hana acaɓa a wasu sassan Legas a 2022, da yawa suka wayi gari ba sana'a.

Can gida ma akwai asara. A da, ruwan farko na sauka ɗan ci-rani zai naɗe tabarmarsa ya koma gona. Yanzu a wasu yankunan Zamfara, Katsina da Sakkwato gonar ma ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga. An bar tsofaffi da mata, yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya ajiye littafi ya hau tirela. Shi ya sa masu cewa "su koma gida mana" suke ba ni mamaki. Su koma su tarar da me?

Abin da ke hannunmu ba shi da yawa, amma akwai shi. Mu raka su yin katin ɗan ƙasa da buɗe asusun banki, su daina kwana da kuɗi a aljihu. Mu karanta musu takarda kafin su dangwala hannu. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa su ware ko da yammacin Asabar don koya musu karatu da lissafi.

Ni dai gobe zan koma Agbowo in nemi yaron nan, in gaishe shi da Hausa. Allah Ya sa in same shi.