Filafili: Kalma Ɗaya, Aiki Uku

A makon jiya ne ɗan ƙanena da ke karatu a wata makarantar sakandare a Kibiya ya zo mini da wata tambaya. An ba su aikin fassara, sai suka ci karo da kalmar Turanci mai nufin faffaɗan ƙyallen nan da ake ɗaurawa a dogon itace a tsakiyar jirgin ruwa don iska ta tura shi. Ya ce mini, "Baffa, malaminmu ya ce Hausa ba ta da sunan wannan abu, tun da Bahaushe ba ɗan teku ba ne." Maganar ta tsaya mini a rai, domin na san yaron da aka saba gaya wa harshensa ya gaza, wata rana zai daina nema a cikinsa gaba ɗaya.

Kalmar tana nan, sunanta filafili, jam'inta filafilai. Asalin ma'anarta ita ce itacen nan mai faɗin baki da matuƙi yake shara ruwa da shi. Wanda yake shakka ya leƙa Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ko bakin dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zai ga masunta suna tuƙa kwalekwale da shi. Daga nan ne masu fassara suka ɗauki kalmar suka ba wa ƙyallen jirgi, daga baya kuma aka kira ƙarfen da ke juyawa a jirgin sama ko a fanka da wannan suna. Wannan ba kame-kame ba ne. Dukkan ukun abu ne mai faɗi da ke kokawa da ruwa ko iska don a samu motsi. Bambancin kawai shi ne, filafilin masunci shi ke tura ruwa, na ƙyalle kuwa iska ce ke tura shi.

Batun cewa ba mu san abin ba kuwa, tarihi bai goyi bayansa ba. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai, kakanninmu sukan tashi daga Kano a ƙasa, su bi ta Barno da Wadai da Darfur, su yi shekaru suna noma da ƙodago a hanya, har su kai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. Daga can da yawansu suka tsallaka zuwa Jidda a jiragen katako na Larabawa waɗanda iska ke kora. Wanda ya kwana a irin wannan jirgi yana jiran iska ta taso, ya san filafili fiye da mai ganinsa a hoto. Ga kuma abin lura: a labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano ne ake kira sarakunan baba, saboda saƙa da rini. Ƙyalle dai sana'armu ce, teku ce kawai ba mu da ita.

Yadda filafili ke aiki ma darasi ne da za a iya bayarwa da Hausa tsaf. Idan iska tana bayan jirgi, turawa kawai take yi. Amma idan tana zuwa daga gefe, sai matuƙi ya karkata ƙyallen ya kumbura, matsin iska ya ragu a ɓangaren da ya kumburo, jirgi ya ja zuwa can, ƙasansa da ke cikin ruwa kuma ya hana shi zamewa gefe. Ba jirgin da ke iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa karkata dama da hagu, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu. Fatake na Tekun Indiya sun shafe ƙarnoni suna zirga-zirga tsakanin Oman da Indiya da Zanzibar bisa sanin cewa iska na kaɗawa daga arewa maso gabas a wasu watanni, ta juyo daga kudu maso yamma a wasu. Ai manomin Kibiya ma da wannan lissafi yake rayuwa, tsakanin iskar hunturu da iskar da ke kawo damina.

Kada kuma a ɗauka zancen tsohon yayi ne. A 2023 wani katafaren jirgin dakon kaya mai suna Pyxis Ocean ya tashi daga Sin zuwa Barazil ɗauke da filafilai biyu masu tsayin fiye da mita 37, don rage shan mai. Gobe idan labari irin wannan ya zo gidan rediyo, da wace kalma za a karanta shi?

Na yarda akwai gaskiya a ƙorafin masu cewa kalma ɗaya mai aiki uku tana kawo ruɗani. Maganinsa ba wuya: a ce filafilin hannu, filafilin iska, filafilin inji. Haka muka yi wa jirgi kansa, muka samu na ruwa, na ƙasa da na sama, ba wanda ya ruɗe.

Roƙona ga malamai shi ne, kafin a ce wa ɗalibi "babu", a buɗe ƙamus, a kuma tambayi masu sana'a. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ɗan ƙanena dai ya rubuta "filafilin iska" a takardarsa, ya kuma nemi in kai shi Tiga idan an yi hutu. Na yi masa alkawari.