Mulki Amana Ne, Kuma Yana Da Iyaka

Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 bai damƙa wa mutum guda ragamar ƙasa ɗungurungum ba. Sashe na 4 ya ɗora yin dokoki a wuyan Majalisar Tarayya, mai sanatoci 109 da wakilai 360, da kuma majalisun jihohi 36. Sashe na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon zartarwa, sashe na 6 ya bar yanke hukunci a hannun kotuna. A saman su duka akwai sashe na 1, wanda ya rushe duk wata doka da ta saɓa wa kundin, gwargwadon saɓawarta.

Hikimar wannan rabo ita ce kowane ɓangare ya zama takunkumi ga ɗan'uwansa. Shugaba ba shi da ikon taɓa baitulmali sai da kasafin da majalisa ta amince da shi. In ya ƙi sa hannu a kan ƙuduri, kashi biyu bisa uku na kowane zaure na iya mayar da shi doka. Ana iya tsige shi, kuma ba a zaɓensa fiye da sau biyu, shekara huɗu-huɗu. Wannan katanga ce aka so rushewa a 2006 da yunƙurin tazarce, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi.

Ɗaure mai mulki da doka ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Ranar da aka yi wa Sayyidina Abubakar (R.A.) mubaya'a, ya nemi jama'a su taimake shi in ya kyautata, su miƙar da shi in ya karkace, ya kuma rataya biyayyarsu a kan biyayyarsa ga Allah da ManzonSa (S.A.W.). Kundin 1999 aikin ɗan'adam ne, sojoji suka bar mana shi, yana kuma da gibi. Amma a ƙarƙashinsa ake shari'ar aurenmu da gadonmu. Sashe na 38 ya kare 'yancin addini, yayin da sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa ko na jiha. Sassa na 275 zuwa 279 sun tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga jihar da ke buƙata, da hurumi a kan aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Rabon iko tsakanin tarayya da jihohi kuwa shi ne ƙofar da Zamfara ta bi ta faɗaɗa aiki da Shari'a a shekarar 2000, wasu jihohi 11 suka biyo baya.

Abin tsoro shi ne yadda takunkumin ke kwancewa a jihohi. Majalisar da ta koma 'yar amshin Shata ba za ta binciki gwamna ba. Alƙalin da ke jiran motarsa daga gidan gwamnati zai yi nauyin baki ranar da maraya ya kai ƙarar mai ƙarfi. A watan Yulin 2024 sai da Kotun Ƙoli ta umurci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta maye gurbin zaɓaɓɓun shugabanninsu da kantomomi, alhali sashe na 7 ya daɗe da tanadar musu zaɓe.

Don haka muna kira ga magidanta su san sunan ɗan majalisar jiharsu, su tambaye shi abin da ya amince da shi a kasafin bana. Ɗalibai su karanta waɗannan sassa da idonsu. Malamai kuma su faɗa wa gwamnan da suke ƙauna gaskiyar da za su faɗa wa wanda ba su zaɓa ba, domin iyakar da aka ɗage wa naka yau, gobe wani ne zai ci moriyarta a kanka.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ƙarfin halin yi musu nasiha.