Akun Sarki Abdurrahman Ya Sauka a Hotoro

Makon jiya, bayan sallar La'asar, ɗan maƙwabcina a Hotoro ya miƙo mini wani littafin rubutu na makaranta da hannu biyu. Da na buɗe, sai na tarar ya mayar da farkon Magana Jari Ce labarin zane, gida-gida, kowa da maganarsa a saman kansa. Ga Musa ɗan Sarki Abdurrahman ya yi ɗamarar bin mahaifinsa yaƙi, ga aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Ya ce, "Baba, so nake in zana littattafan uku duka, in kai a buga mini a Gyadi-Gyadi in sayar."

Na yi murna, domin yaran da ba sa iya zama su karanta shafi goma, na ga suna rububin wannan littafin a ƙofar gida. Kuma ba baƙon abu ya yi ba. Shi kansa Alhaji Abubakar Imam, lokacin da yake rubuta littafin a Zariya a 1936, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu rigar Hausa har muka ɗauka a gidanmu aka haife su.

Sai dai na gaya masa abu biyu. Na farko, labaran sun haura tamanin. Ko shafi goma-goma ya ba kowanne, ya wuce shafi 800, don haka dole ya yi zaɓe. Mai zane yakan so doki da takobi, ya zubar da zance, alhali jarin wannan littafi bakin aku ne. Duk wanda ya cire dabarar aku da makircin Waziri, ya zubar da tuwo ya riƙe akushi.

Na biyu, kayan yana da masu shi. Imam ya rasu a 1981, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare rubutu shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato har ƙarshen 2051. Juya littafi zuwa zane yana cikin abin da sai da izini. Zanen da ya yi don kansa daban, kai shi kasuwa daban.

Nan ne nake kira ga kamfanin NNPC na Zariya mai buga littafin, da iyalan marigayin, da marubutanmu na Kano masu littattafai kashi-kashi: ku buɗe wa irin waɗannan yara ƙofa, da sharaɗi mai sauƙi da rabo bayyananne. Littafin da jikoki ba su taɓa ba, gara ce magajiyarsa.

Yaron dai ya amince zai fara da littafi na ɗaya. Ni kuma na ɗauki alkawarin taya shi rubuta takardar neman izini. Allah Ya sa a amsa masa.