Sudan: Gadojin Nilu ne za su zaɓi tirelar da za ta mayar wa Khartum da wuta

Tun da sojojin Sudan suka ƙwace fadar shugaban ƙasa daga hannun dakarun RSF a ranar 21 ga Maris 2025, kuma suka ayyana kammala karɓe jihar Khartum a watan Mayun shekarar, jama'a ke ta komawa gidajensu a Khartum da Omdurman da Bahri. Gwamnatin Firaminista Kamil Idris ma ta sanar da dawowarta daga Port Sudan a Janairun 2026. Sai dai masu dawowar na tarar da birnin da aka yashe wa hanji. An tone wayoyin ƙarƙashin ƙasa, an farfasa taransfomomi an kwashe jan ƙarfen da ke cikinsu. A unguwanni da dama babu wuta, kuma idan babu wuta injinan tura ruwa ba sa tashi.

Ana yawan maganar kuɗin sayen sabbin kayan lantarki da ƙasar da za ta ba da su. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yadda kayan za su taso daga bakin Bahar Maliya su iso inda za a kafa su, da irin motar da za ta ɗauko su.

Kayan iri biyu ne. Akwai ƙananan taransfomomi na unguwa, waɗanda nauyinsu bai wuce 'yan tan kaɗan ba. Su ne aka fi buƙata da yawa, kuma kowace tirela mai shimfiɗaɗɗen baya za ta ɗauki da dama a tashi ɗaya. Matsalar tana ga manyan, na tashoshin da ke karɓar wuta daga madatsar Merowe mai ƙarfin megawat 1,250. Layukan kilobolt 500 da ke tasowa daga can suna sauka ne a tashar Markhiyat da ke Omdurman, daga nan kuma su tsallaka zuwa Kabbashi a arewacin Bahri. Taransfoma guda ta irin waɗannan tashoshi kan haura tan 100, ko da an zuƙe manta an kwance mata fikafikan sanyaya. Ba a raba ta gida biyu. Yadda ta fito daga masana'anta haka za ta yi tafiyar.

Masu harkar sufuri a Kano da Maraɗi sun san tirelar nan mai ƙasa-ƙasa da ake ɗora katafila a kai, wadda direbobin Najeriya da na Sudan ke kira lobed, a Nijar kuma porte-char. Amfaninta shi ne rage tsayin kaya don kada su taɓa wayoyi ko rufin gada. Amma layin tayoyinta uku ne ko huɗu, kuma nauyin duk a kansu da kan motar da ke ja yake sauka. Ga injin haƙa ko janareta mai tan 40 ko 50 ta wadatar. Ga abin da ya ninka haka sau uku, ba ta ma cikin lissafi.

Abin da ake ɗauko irin wannan kaya da shi ita ce tirela mai haɗe-haɗe, wadda kamfanoni irin su Goldhofer da Scheuerle na Jamus da Cometto na Italiya suka yi suna a kanta. Guntu-guntu take zuwa, ana jona ta gwargwadon nauyin kaya. Kowane layi na da tayoyi takwas, kowane na juyawa da kansa a kwana, kuma akwai haidirolik da ke ɗaga wannan gefe ya sauke wancan, ta yadda kayan za su zauna daram ko da hanya ta karkace. A ɗauki misali da taransfoma mai tan 150. Idan aka ɗora ta a kan layi 12, aka haɗa da nauyin tirelar kanta, kowane layi zai ɗauki wajen tan 16. Domin a ga girman abin, dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda direbobin hanyar Kwatano da Lome suka sha jin sunanta a ma'aunin nauyi, ta tsayar da tan 11.5 ga layi guda na motar kaya, faɗi mita 2.55, tsayi mita 4. Manyan taransfomomi sun tsallake duka ukun.

Sai a ce to a ƙara layuka mana. A nan hanyar Sudan ke shigowa da nata sharaɗin. Daga Port Sudan zuwa Khartum ta Haiya da Atbara tafiyar kimanin kilomita 800 ce, kuma tun a farkonta, bayan Suwakin, sai an hau tsaunukan Bahar Maliya ta mashigar Aƙaba zuwa Sinkat. Hawa ne mai tsawo da kwanoni. Duk layin da aka ƙara, tirela na ƙara tsawo, kwana na ƙara wuya, kuma ana buƙatar kan mota biyu ko uku, ɗaya na ja sauran na turawa, kowane an danne shi da nauyi don tayoyinsa su kama kwalta. Da damina kuma kwarurrukan da ke bushe duk shekara kan cika cikin sa'a guda su yanke hanya. Yankin ne madatsar Arba'at ta fashe a Agustan 2024.

Daga Atbara a miƙe take ta Shendi da Jaili zuwa Bahri, a kan titin da ake kira Tahaddi, wanda kamfanin Usama bin Ladan ya yi aikin wani ɓangarensa a shekarun 1990. Duk wannan a gabashin Nilu ne. Markhiyat kuwa tana yamma.

Wanda bai san birnin ba ya kamata ya riƙe cewa gari uku ne ruwa ya raba. Shuɗin Nilu ya shiga tsakanin Khartum da Bahri, Farin Nilu tsakanin Khartum da Omdurman, bayan sun haɗu kuma babban kogin ya raba Bahri da Omdurman. Gadoji biyu ne ke haɗa Bahri da Omdurman kai tsaye. Ta Shambat an karya ta a ranar 11 ga Nuwamban 2023, kowane ɓangare na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Ta Halfaya, wadda ita ce ta zamani kuma mafi dacewa da manyan motoci, ta samu mummunan lahani a tsakiyar 2024. Wanda ya ƙi waɗannan biyun sai ya ratsa ta tsakiyar Khartum, ya tsallaka ruwa sau biyu. A cikin gadojin da ke can akwai na ƙarfe na zamanin Turawan Ingila, ta Shuɗin Nilu da ta Farin Nilu, masu kusan shekara ɗari ko fiye, da sanduna a sama da gefe waɗanda ke iyakance tsayi da faɗin kaya. Sauran kuma sun shafe kusan shekara biyu a bakin daga.

Gada na kallon nauyi ta fuska dabam da yadda titi ke kallonsa. Titi na damuwa da abin da taya ɗaya ke dannawa. Gada na damuwa da jimlar abin da ya hau tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi a lokaci guda. Shi ya sa tirelar da ta yi daidai da kwalta za ta iya zama ajalin gadar da harsashi ya riga ya raunata. Akwai mafita, wato tirela biyu a gaba da baya, an rataye taransfomar a tsakaninsu a kan dogayen ƙarafa, nauyin ya bazu a tsawon mita masu yawa. Amma wannan ita ce mafi wuyar juyawa a kwanonin Aƙaba, kuma mafi tsadar haya.

Saboda haka ne hanyoyin da yaƙi ya koya wa 'yan kasuwar Omdurman za su iya zama na manyan kaya ma. Lokacin da Bahri ke hannun RSF, kaya kan tsallaka Nilu tun daga nesa, a gadar Shendi da Matamma, ko su bi ta Merowe su faɗa titin Shiryan al-Shimal da ke gangarowa daga Dongola. Akwai ma hanyar da ba ta tsallaka kogin ko sau ɗaya: daga Masar ta iyakar Argin, wadda ke yammacin ruwa, zuwa Dongola, zuwa Omdurman. Ta fi nisa, kuma tana jingina Sudan da tashoshin ruwa da kwastan na wata ƙasa, abin da mutanen Nijar suka ɗanɗana tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma zagaye ta Togo da Burkina Faso. Jirgin ƙasa kuwa, layin Port Sudan zuwa Atbara siriri ne, milimita 1,067 irin tsohon layin Legas zuwa Kano, kuma ya daɗe da gajiya tun kafin yaƙi.

Sai batun jirage marasa matuƙa. An kai hari kan Merowe a farkon 2025, an kai kan Port Sudan kanta daga 4 ga Mayu, sannan a tsakiyar watan aka buga tashoshin wuta na Omdurman, jihar Khartum ta faɗa duhu. Ayarin da ke ɗauke da babbar taransfoma tafiyar hawainiya yake yi, da rana kawai, da 'yan rakiya gaba da baya, ya kwana inda kowa ke ganinsa. Kamfanin da ya mallaki tirela mai haɗe-haɗe zai yi dogon tunani kafin ya turo ta, mai inshora kuma zai ɗora nasa farashin. Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2025 jiran babbar taransfoma daga masana'anta na iya kaiwa shekara huɗu. Girgiza mai ƙarfi kaɗai na iya goce naɗin wayoyin cikinta ba tare da an ga komai a waje ba, shi ya sa ake manna mata na'urar da ke rubuta duk wani bugu da ta sha a hanya.

Ga Hausawan Sudan da ke cikin sufuri, daga Port Sudan da Kassala da Gadarif zuwa Sennar da Mai Wurno, lissafin a fili yake. Ɗaukar manyan taransfomomi aikin 'yan kamfanoni ƙalilan ne masu injiniyoyin auna gada, kuma mai lobed ɗin gwanjo da ya ci bashi da fatan samun irin wannan kwangila zai daɗe yana jira. Aikin da ke da yawa yana ga ƙananan taransfomomi da turakun wuta da nannaɗen waya da bututun ruwa da injinan kwashe ɓaraguzai, kuma su ne za su kai wuta unguwanni irin su Ingaz da Mayo a kudancin Khartum, inda Hausawa da dama ke da gidaje.